Kaji Sun Zo Sun Koma

Makon jiya jikokina suka kawo magina suka fasa daɓen ɗakina. Wai tayil za su shimfiɗa mini, irin mai santsin nan da tsohuwa ba ta takawa sai da bismilla uku. Na ce su bar mini abina, suka ce an daina yayinsa, in baƙi sun zo gaishe ni su ne suke jin kunya. Na koma gindin darbejiya na zauna ina kallo. Magini yana ɗaga diga yana saukewa, gumi yana zuba, daɓe ya ce bai san zance ba. Can ya ɗago ya ce, "Hajiya, wannan wane irin siminti ne?" Na ce, "Ba siminti ba ne, ɗan nan, gwiwar mata ce da makuba." Ya yi dariya bai gane ba, ni ma ban tsaya yi masa bayani ba. Amma tun ranar ba ni da sukuni, don ƙarar digar nan ta taso mini da abin da na daɗe ina dannewa.

'Yan yanzu ba su san daɓe ba, to bari in faɗa musu. In za a kai amarya, ko an gina sabon ɗaki, maza su ɗebo jar ƙasa mai tsakuwa daga gindin dutse, su zuba su baje, nasu aikin ya ƙare. Saura na mata ne. Tun kwana biyu kafin ranar an jiƙa ɓawon ɗorawa a randa har ruwan ya yi ja, shi ne makuba, shi ke sa ƙasa ta kame ta yi sheƙi. Da hantsi mata su taru, kowace da madaɓinta, wani guntun itace mai faɗin ciki da mariƙi. A durƙusa a jere, a yayyafa ruwa, a dinga bugu tare ana ja da baya. Uwar ɗaki ta dama fura, ta raba goro, ladan ke nan. Bugun kuwa ba ya tafiya daidai sai da waƙa. Mace ɗaya ke bayarwa, sauran su amsa. A cikin masu amshin akwai ta gaba, wadda ke fara cafe baiti daga bakin mai bayarwa ta ɗora shi a kan bugu, sannan sauran su bi ta. In ta yi jinkiri madaɓai su rikice, wannan ta buga wancan ta ɗaga, aiki ya lalace. Don haka dokar daɓe guda ce: abin da mai bayarwa ta jefo, mai amshi ba ta barinsa ya faɗi ƙasa, ko da uwarta aka taɓa.

A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Sundimina, ni ce mai bayarwa. Mai cafe mini amshi kuwa ƙawata ce. Ba zan faɗi sunanta ba. Na tona ta sau ɗaya, ya isa.

Tare muka tashi, danga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Tare muke zuwa rijiya, tare muke tsinkar rama a bayan gari, tare aka sa mu a lalle a shekara guda, kuma Allah ya yi duk a garin aka aurar da mu. Ni mai surutu ce tun ina ƙarama, ita kuwa sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Amma tana da kunne. Kafin in rufe baki ta san inda baiti zai sauka, wani lokaci ma in na ɓata sai ta gyara a cikin amshi ba wanda ya lura. Mutane suna yabona, ba su san rabin daɗin daga wurinta yake fitowa ba. Ni ma ban sani ba sai daga baya.

Waƙa a wurina ba sana'a ba ce, ciwo ce. Ina tuƙa tuwo baiti ya zo, sai in tsaya da muciya a hannu ina gyara shi har ƙauri ya tashi. Maigidana, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai haƙuri, sai dai ya leƙo ya ce, "Yau ma zabiya muka aura, ba mai girki ba." Kakata Iya ce kaɗai take ja mini kunne da gaske. Takan ce, "Ke 'yar nan, bakin naki ya fi ki girma. Duk abin da kika gani sai kin ɗora shi a waƙa? Ki dinga barin wani abin a ciki, ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." In ce to, in fita in manta. A lokacin ina ganin duk abin da ke duniya don waƙata aka ajiye shi: tafiyar mai unguwa, rowar mai kanti, gemun ɗan akuya, har jan ƙafar surukata. Ana dariya ana guɗa, ni kuwa kaina yana ƙara girma.

A zamanin, garin da ya waye da turmi yake wayewa. Ana idar da sallar asuba za ka fara jin taɓarya, daga wannan gida sai wancan, har gari ya ɗauka. Ni daga shimfiɗata nake gane dakan kowa. Na san na matar liman, mai nauyi a hankali. Na san na 'yan matan gidan maƙera, masu lugude suna cilla taɓarya sama suna tafi. Na san surfe daga ribɗi, na san gero daga dawa. Yanzu fa? Yanzu inji ne ke ihu a bakin titi, kowa ya aika kwanonsa, ya dawo da gari mai ɗumi da warin ƙarfe. An huta, ban ce ba a huta ba, kafaɗuna shaida ne. Amma a da turmi shi ne bakin gida. In ana daka a gidanku, kowa ya san lafiya. In aka ji shiru kwana biyu, ba sai an tambaya ba.

Sai aka yi wata shekara ruwa ya ɗauke dawa tana cikin bunni, ba ta kai ga yin ƙwaya ba. Aka girbe abin da aka samu, kowa ya ƙulle bakinsa ya ƙulle rumbunsa. Kafin bazara ta yi nisa, gidaje da yawa sun koma cin ganyen tafasa da ɗinkin. Yunwa ba abin kunya ba ce ga kowa, amma ga mijin ƙawata abin kunya ce, don jikan Sarkin Noma ne. Kakansa shi ne wanda ake cewa rumbunsa bai taɓa ganin gindinsa ba. Shi kuwa bawan Allah gona ta ƙi shi, ga girman gida, ga suna. Mutum ne mai shiru da tsare kai, ya gwammace ya mutu da ya miƙa hannu.

Wata safiya ina shara na ji dakan ƙawata. Bugun nata ne, ba shakka, amma amon ba na tsaba ba ne. Turmi mai hatsi yana amsawa a cike, wannan kuwa wani fayau yake yi. Na saurara kwana ɗaya, kwana biyu. A na uku na yafa mayafi na shiga ba sallama, kamar yadda na saba. Na tarar da ita tsaye tana ta zuba taɓarya, gumi har wuya. Abin da na fara lura da shi ba ita ba ce, kaji ne. Kowa ya san inda ake surfe kaji ba sa barin gindin turmi, sai an yi ta kora. Nata kajin kuwa na ga sun taho da gudu da suka ji bugu, suka zagaya turmin, suka ɗan tona, suka juya suka tafi abinsu. Na leƙa ciki. Ƙaiƙayi ne ta jiƙa da ruwa.

Na ce, "Ƙawa, mene ne wannan?"

Ta jingine taɓarya, ta zauna a ƙasa, ta rufe fuska da gefen zani. Da kyar ta ce, "Yau kwana goma sha ba ƙwayar hatsi a gidan nan. Ganye muke ci, sai garin ɗorawa. Shi ya ce in dinga daka kullum da safe, kada a ji gidan Sarkin Noma shiru. Ya rantse ran da aka sani zai bar garin. Don Allah, ƙawa, ki rufa mini asiri."

Na durƙusa na rungume ta, na ce, "Haba, ni ce fa. Wa zan faɗa wa? Asirinki ai nawa ne."

A nan ne abin kunyar ya fara, ba a inda mutane suka sani ba. Ina riƙe da ita, tana kuka a ƙirjina, idona yana kan kajin nan da suka koma gindin danga. Sai kalmomi suka jeru da kansu, har da muryarsu, har da inda madaɓi zai sauka: kaji sun zo sun koma. Na ji daɗin baitin ya ratsa ni. Bakina yana cewa "yi haƙuri", cikina yana auna kalma ta gaba. Kafin in fito daga gidan waƙar ta cika, baiti huɗu. Na ce wa kaina ba komai, ai ba zan taɓa rera ta ba.

Ban ce ni muguwa ce gaba ɗaya ba. Ina da 'yar gayauna tawa ta kaina wadda ta ɗan yi gero, kuma tun daga ranar nake zuba hatsi a cikin tulu, in ɗora a kai kamar ruwa na ɗebo, in shiga gidanta in fito da tulun wofi. Ba wanda ya sani, har maigidana. Wannan shi ne abin da na daɗe ina fakewa da shi in zuciya ta tuhume ni. Sai dai in ina tafe da tulun a kai, waƙar nake yi a ciki, ina sauya wannan kalma, ina goge waccan. Sati uku ina ɗauke da ita kamar garwashi a tafin hannu.

Sai aka tashi daɓen ɗakin 'yar mai unguwa. Dangin ango daga Kwandiko suke, suka zo da tasu mai bayarwa, wata doguwa mai wushirya, muryarta kamar a ƙwarya ake juye ta. Al'ada ce in an haɗu haka a yi ta musayar baiti, wannan ta jefa waccan ta mayar, har ɗaya ta rasa. Ban taɓa rasawa ba a garinmu. Ranar kuwa na haɗu da daidai ni. Duk abin da na jefa sai ta juya shi ta dawo mini da shi da yaji. Muna tsakiyar ɗaki ta kalle ni ta ce:

"An ce da ni garin nan da zabiya,
Na zo na iske mai tari."

Matan Kwandiko suka kwashe da guɗa. Har namu wasu suka sunkuyar da kai suna dariya. Na laluba cikina na ji wayam, ba abin da ya rage sai guda ɗaya. Ƙawata tana durƙushe a damana, kafaɗarta tana gugar tawa, gerona ne a cikinta. Ba zan ce shaiɗan ba ne, don an cika ɗora masa abin da ba shi ya yi ba. Ni ce na ga za a kayar da ni a gaban baƙi, na zaɓa. Na ɗaga murya:

"Mai dakan iska, sannu da aiki,
Turmi na kuka, tukunya na barci,
Taɓarya ta gaji da ƙarya,
Kaji sun zo sun koma."

Kowa ya ɗauka da ta Kwandiko nake, wai bakinta amo ne ba tsaba. Mutum ɗaya ce a ɗakin ta san gaskiya, kuma ita ce za ta cafe. Na ji madaɓinta ya tsaya a sama. Bugu ɗaya ya wuce babu ita. In ta yi shiru, duk ɗakin zai juyo ya tambayi dalili, ta tona kanta da kanta ke nan. Sai na ji muryarta, tsaf, ba rawa: "Kaji sun zo sun koma." Sauran suka bi ta. Ɗaki ya ɗauka, har waɗanda ke waje suna dama fura suka shigo. Ta Kwandiko ta ajiye madaɓi ta ce, "Na sallama, 'yar'uwa, wannan ba ni da abin mayarwa." Aka ce in maimaita. Na maimaita. Sau nawa, ban ƙirga ba, kuma kowane sau ƙawata ce ke fara amsawa. Har muka kai bakin ƙofa ban juya na kalle ta ba.

Da aka tashi muka jero gida tare kamar kullum. Na jira ta yi magana, ta zage ni, ko ta yi kuka. Sai da muka zo rabuwa ta ce, "Sannu da aiki." Na ce, "Yauwa, sannunmu." A raina na ce tunda ban ambaci suna ba, ai ba a yi komai ba.

Magana zarar bunu ce. Kafin kwana uku 'yan mata sun ɗauki waƙar zuwa rijiya, kafin sati ta shiga dandali. Sannan abin da ban hango ba ya faru: na koya wa gari sauraro. Mutanen da shekara da shekaru suke jin daka ba su kula ba, yanzu kowa ya kasa kunne. Mace ta shiga gidan maƙwabciya aron rariya, idonta yana gindin turmi, tana duba ko da kaji. Wasa ne a wurinsu, suna yi suna dariya. Na ninka abin da nake kaiwa a tulu, amma geron gayauna nawa yake? Ya ƙare. Ƙawata ta rasa yadda za ta yi. In ta daka ƙaiƙayi za a gane, in ta bari za a gane. Ta bari. Gidan Sarkin Noma ya kwana uku shiru, kuma shirun ya faɗi abin da ban faɗa ba.

Ranar kasuwa mijinta ya zo wucewa ta rumfar mahauta, wani marar ta-ido ya ce da na kusa da shi, da ƙarfi, "Kaji dai sun zo sun koma." Aka yi dariya. An ce bai juya ba. Kafin ruwan farko ya sayar da awakinsa biyu, ya ɗaure kaya, ya ce Zandam za su koma wurin dangin uwarsa, can ƙasar Gwaram. Ranar da za su tashi ni na san ranar. An gayyace ni daɓe a wani ƙauye, na tafi tun da sassafe don kada mu haɗu. A can ma suka ce sai na yi musu ta kajin. Na yi.

Da na dawo Iya tana zaune a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ba ta ɗago ba ta ce, "An ce kin yi suna." Na ajiye kayana. Ta ce, "Ƙawarki ta zo yi miki sallama. Ta daɗe a tsaye a nan." Ba ta ƙara ba, kuma har ta bar duniya ba ta sake ja mini kunne a kan waƙa ba. Na gwammace da ta ɗauki muciya ta dake ni.

Suna kam na yi. Ana aiko mini daga cikin Birnin Kudu, daga ƙauyukan da ban taɓa jin sunansu ba. Na samu zannuwa, na samu tasoshi, har akuya an ba ni. Na sauya masu amshi sun fi biyar, ba wadda ta iya cafewa kamar ta. In na ɓata baiti haka zai fito a ɓace, kowa ya ji. Daga baya na so in gyara hali. Na yi wa kaina doka, ba zan ƙara sa wanda na taɓa cin tuwonsa a waƙa ba. Sai na koma waƙar tsuntsaye da damina da kirarin amare. Mata su saurara, su amsa don kara, sannan wata ta ce, "Yanzu kuma a yi mana ta kajin." Na yi ta neman yadda zan zama mai waƙar kirki kuma mutuniyar kirki a lokaci guda, ban samu ba. Wataƙila wasu sun samu. Ni dai wadda ta fi duk waƙoƙina kyau da naman ƙawata na yi ta, kuma na san ta fi kyau, wannan sanin ma wani abin kunya ne. Da siminti ya shigo aka daina kiranmu, mutane suna yi mini jaje, ni kuwa sauƙi na ji.

Shekaru suka tafi. Na aurar da 'ya'ya, na binne miji, na je Makka na dawo. A can na roƙi Allah gafara, amma na san malamai sun ce haƙƙin mutum sai mutum ya yafe. Zandam ba Makka ba ce, amma Makka na fara zuwa. Kullum da dalilina: yau damina, gobe ƙafa, jibi hanya ba kyau. Har aka gyara hanya, dalili ya ƙare, ban je ba.

Bara, a wurin wani suna, wata mai daddawa 'yar Zandam ta ce mini ƙawata tana kwance, ido ya tafi, ƙafa ba ta ɗaukarta. Mijin ya daɗe da rasuwa. Na kwana biyu ina shawara da kaina, a na uku na shiga mota zuwa Gwaram, daga nan na hau babur. Duk hanya ina shirya abin da zan ce. Ni da nake tsara baiti a tsaye, na tsara neman gafara ya fi sau ashirin.

Na isa da hantsi. 'Yarta ta kai ni ɗaki. Tana zaune a kan tabarma an jingina ta da bango, ta ƙanƙance, gashi fari fat. Ban gama sallama ba ta ce, "Wannan murya! Ƙawa, ke ce? Ashe ba ki mutu ba?"

Na ce, "Ina jira ki fara, in amsa."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "A'a, ke ce mai bayarwa." Ta laluba ta kamo hannuna ta zaunar da ni. Muka yi ta tambayar juna wane da wance, rabin waɗanda muka ambata suna ƙasa. Aka kawo fura, ta sa aka ƙara mini nono. Ta ba ni labarin zamansu a nan, yadda suka sha wuya shekara biyu sannan gona ta karɓe su, har maigidan ya gina rumbu uku kafin ya rasu. Ta ce amma bai ƙara taka ƙasar Sundimina ba, ko gaisuwar mutuwa.

Na ga wuri ya samu. Na ce, "Ƙawa, ba gaisuwa kaɗai ta kawo ni ba. Maganar waƙar nan..."

Ta matse hannuna ta ce, "Tsaya. Bari in riga ki, don ni ma akwai abin da ke cina. Tambaya ɗaya zan yi miki, ki faɗa mini tsakaninki da Allah. Waƙar nan, a ɗakin daɓen ta zo miki, da matar nan ta matsa miki? Ko tun ranar da kika same ni a gindin turmi kika shirya ta?"

Na kalle ta. Idon ba ya gani, amma fuskar tana jira. Abin da na zo faɗa ke nan, ta ɗauko ta ajiye mini a gaba, ba abin da ya rage sai in ce e. Na buɗe baki, na ji kaina ina cewa, "A wurin ta zo mini. Subul da baka na yi."

Ta saki wata doguwar ajiyar zuciya. Ta ce, "Alhamdulillahi. Alhamdulillahi." Hawaye suka gangaro mata. Ta ce, "Na san halin bakinki, in an matsa miki ba ki san abin da kike jefawa ba. Wannan tun a ranar na yafe shi. Abin da ya hana ni sakat shi ne, yadda baitin ya fito a gyare, ba gargada, sai zuciyata ta ce mini kin daɗe da shi. Ta ce mini ina kuka a jikinki kina tsara waƙa. Shekara nawa ina ɗauke da wannan zato, a kan matar da ta ɗauko mini gero a tulu ta ciyar da 'ya'yana. Na zalunce ki, ƙawa. Ina tsoron in tafi da shi. Don Allah ki yafe mini."

Na ce, "Haba, bar wannan magana."

Ta ce, "A'a, sai kin faɗa da bakinki. In ji."

'Yarta tana tsaye a bakin ƙofa da kwanon fura. Tsohuwa tana riƙe da hannuna da hannu biyu. Ko a lokacin ƙofa ba ta rufe ba, da na so da na gyara. Na ce, "Na yafe miki."

Na yi la'asar a can, ta sa aka ɗaure mini kuka da daddawa, ta ce in dawo bayan kaka mu daɗe. Na ce to. Na ce wa kaina in na dawo zan faɗa mata gaskiya.

Ba ta kai kaka ba. Bayan sadakar arba'in 'yarta ta zo har gida yi mini bangajiya. Ta durƙusa ta ce, "Inna ta bar saƙo a ba ki. Ta ce a faɗa miki ta tafi da zuciya fara, ba haƙƙin kowa a kanta, tunda kin yafe mata."

Na ce, "Allah ya jiƙanta." Yarinyar ta jira ko zan ƙara wani abu, don ta ji labarin ni mai baki ce. Ban ƙara ba.